Malam Hambali Zandam da Kaset ɗin Muƙabala

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Hambali a shekarar 1957 a Zandam ta ƙasar Gwaram. Sunan mahaifinsa Malam Yunusa, manomi, mahaifiyarsa kuma Hajjo. Ya sauke Alƙur'ani a hannun kawunsa, ya yi firamare a Gwaram, ya kammala kwalejin horon malamai a 1979.

Aiki da Aure

A 1980 aka tura shi koyarwa Birnin Kudu, inda ya auri Kulu 'yar Unguwar Ya a 1982. A makarantar ya haɗu da Malam Istifanus, mutumin Tafawa Ɓalewa, malamin lissafi kuma mai wa'azi a cocinsu. Suka ƙulla aminci na ban mamaki: bayan la'asar sukan shimfiɗa tabarma, kowa da littafinsa, su yi ta muƙabala a kan abin da nassin Linjila ya faɗa da abin da coci ke koyarwa, in an gaji a sha fura a tashi. Hambali mutum ne mai kaifin harshe, ba ya son a kayar da shi ko da wasa.

Rabuwa

A 1993 wani mai sayar da kaset ya roƙe su ya ɗauki zamansu a kaset, suka yarda. Da Hambali ya matsa masa da tambaya, Istifanus, wanda bai iya ƙarya ba, ya amsa cewa kalmar Triniti, wato aƙidar Allah ɗaya cikin uku, ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, sannan ya kawo ayoyin da a wurinsu suke ɗauke da ma'anarta. Mai kaset ya yanke wannan bayani, ya baza saura a kasuwa. Sunan Hambali ya kai har Kano. Ya san an yi yanka, amma daɗin yabo ya hana shi faɗa. Kaico! Dattawan coci suka hana Istifanus wa'azi, yara suka riƙa maimaita masa maganarsa a hanya, ya nemi canjin wurin aiki ya koma garinsu ba sallama.

Ƙarshen Rayuwa

Daga nan Hambali ya rufe bakinsa ga muƙabala; duk wanda ya gayyace shi sai ya ce magana zarar bunu ce. Ya yi ritaya a 2014 ya koma noma a Zandam. Ya sha niyyar zuwa Tafawa Ɓalewa, kunya tana mayar da shi. Sai da ciwo ya kwantar da shi ya aika a roƙo masa Istifanus ya zo.

Rasuwa

Allah ya yi wa Malam Hambali rasuwa da safiyar wata Laraba a watan Maris na 2021, aka yi masa sutura kafin azahar. Istifanus ya riga ya kamo hanya. Ya iso ana dawowa daga maƙabarta. Ya zauna a tabarmar makoki tare da iyali, yana karɓar gaisuwa har sadakar uku. Marigayin ya bar matarsa Kulu da 'ya'ya huɗu: Abdulnasir, Safiyatu, Khuzaima da Ashiru. Allah ya gafarta masa.