Hoton Sallar da Ban Ɗauka Ba

A shekarata ta biyu a Manchester, lokacin ina zaune a wani ɗan ɗaki a Hulme, ruwan sama ya kora ni cikin wani gidan baje kolin hotuna. Ba zan ce na fahimci abin da na gani ba, amma ya kama ni. Wata 'yar Japan ce ta yi shekaru tana ɗaukar mutanen gidansu: ƙeyar mahaifiyarta tana wanke-wanke, kwanon shinkafar da aka ci rabi, hannun kakanta a kan gwiwa. Babu mai kallon kyamara. Na fito ina ganin duk hotunan da muke yi a gida ƙarya ne, ko dai, in yi adalci, kusan ƙarya. A makon na sayi tsohuwar kyamara mai fim, irin tata.

Ana saura kwana uku ƙaramar Sallah, gwaggona da ke unguwar Small Heath a Birmingham ta kira ni. Kakarmu a Kano ta matsa a aika mata hoton gidan gaba ɗaya. Rabonta da jikokin tun suna ƙanana, kuma babban ɗan Gwaggo zai tafi aiki Kanada washegarin Sallah. Ranar ce kaɗai kowa zai hallara.

"Tunda ka zama mai hoto, kai za ka ɗauka," in ji ta.

A wajenmu hoto shiri ake yi masa. A sa sabon ɗinki, a gyara zaman hula, manya su zauna, yara su durƙusa a gaba, kowa ya ɗaure fuska. Na san wannan sarai. Duk da haka ranar Sallah tun da safe nake raɓe-raɓe a gidan Gwaggo, ina ɗaukar tururin tukunya, da hannun Gwaggo cikin ƙullin waina, da bayan ɗanta yana guga. Ina jin kaina wani babban mutum.

Bayan an sauko daga Idi aka jeru a falo. Yara suka fito da wayoyi, Gwaggo ta daka musu tsawa.

"Ku ajiye min waɗannan! Yau da kyamarar gaske za a yi."

Na ɗaga, na danna, ta ƙi dannuwa. Fim ya ƙare.

Magana ɗaya ce da na faɗa da an ɗauka da waya an wuce wurin. Amma mijin Gwaggo, likita ne da bai saba jira ba, yana zaune cikin babbar riga yana kallona, mutum tara sun riƙe numfashi. Na lissafa kunyar yanzu da ta gaba, na zaɓi ta gaba.

"Ya yi kyau," na ce.

Har na ce a sake, wai autar gidan ta rufe ido.

Mako biyu ban ci abinci da daɗi ba. Da aka wanko hotunan na hau bas zuwa Birmingham, na zube su gabansu na faɗi gaskiya, ina ta kewaye-kewaye. Mijin Gwaggo ya ɗaga ɗaya.

"Malam mai digiri, wannan tukunyar 'yar wa ce a cikinmu?"

Na fara bayanin 'yar Japan.

"To ita kakarta ta yarda?"

Na ce ban bincika ba.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ware duk wanda ta fito ba mayafi ta zuba a jaka, ta ce in aika wa tsohuwa sauran da kaina, in kuma yi mata bayani da bakina.

Na aika ta waya. Da yamma saƙon murya ya shigo.

"Ɗan nan, na ga kun ci kun ƙoshi, alhamdulillahi. Wannan bayan mai faɗi na wane ne? In yayanka ne, ya yi ƙiba. Ka ce masa ya juyo in gan shi."

Na kira shi a Kanada na roƙe shi, ya turo fuskarsa daga cikin mota. Kaka ta yi godiya, ta sa albarka, sannan ta ce ita fa gida ta ce a ɗauko mata, ba mutum ɗaya ba. Na ce in sha Allahu babbar Sallah. Yayan nawa kuwa ya riga ya gaya mini ba zai samu hutu ba.