Gemun Salih da Ƙurar Tayil

In ka gaida Salih da fara'a fiye da kima, sai ya shafa aljihunsa kafin ya amsa. Shekarunsa hamsin da bakwai, jikan wani mahajjaci ne da ya taso daga ƙasar Haɗeja zai je Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare masa a bakin Nilu, ya yi aure ya zauna. A unguwar Hilla Kuku, nan kusa da kogin, aka haifi Salih, a can yake har gobe tare da matarsa Mariyamu. Sana'arsa yankan tayil da marmara, da injin nan mai ƙugi da ake ce wa sarukh. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a durƙushe cikin farar ƙura, kariyarsa ɗaya ce: ya jiƙa jelar rawaninsa ya naɗe hanci da baki, kamar yadda maigidansa ya koya masa.

Abin taƙamarsa gemunsa. Gemu ne cikakke har maɓallin jallabiya, tun ranar ɗaurin aurensa reza ba ta kusance shi ba. Lokacin yaƙi an sha tsare shi a shingen bincike saboda gemun nan, waɗannan su ce shi na waɗancan ne, waɗancan su ce shi na waɗannan ne. Mariyamu ta roƙe shi har da hawaye ya rage. Ya ce in ya aske, gobe sai a ce ya canja kama don yana ɓoye wani abu. Ya fito daga yaƙin da gemunsa lafiya lau, yarda da mutane ce dai ya baro a can.

Da jama'a suka fara komowa gari, aka ɗauke shi aikin gyaran wani ƙaramin asibiti a unguwar Alsawra, kullum sai ya haye kogi zuwa Omdurman. A nan ne tarin da ya daɗe yana rainawa ya tsaya masa a ƙirji. 'Yarsa Suhaila ta ja shi wurin likita da ƙyar, aka ɗauki hoto. Likita ya ce ƙurar dutse ta fara zama a huhunsa, wadda ta shiga ba ta fita, amma in aka tare ƙofa yanzu zai yi sauran shekarunsa yana numfashi da kansa. A hanyar gida Salih ya ce wa Suhaila ta bincika, za ta tarar likitan nan yana da kantin magani a bayan gida.

Mai kula da aikin asibitin wata injiniya ce, Rahaf, ba ta da yawan magana amma ba a maimaita mata. Wata safiya ta zo da kwali cike da takunkumin ƙura, na takarda da na roba mai matata biyu a gefe. Ta ce kowa ya ɗaura, ya toshe gaban da tafin hannu, ya hura. Na kowa ya kumbura ya tsaya. Da aka zo kan Salih, iska ta fice ta kumatunsa, gashin gemu ya dinga rawa ta ko'ina.

"Ya Hajj, ka gani da kanka," in ji Rahaf. "Kamama, wato takunkumin nan, sai ta kwanta a kan fata. In akwai gashi, ƙura ta nan za ta bi. Ko ka aske inda robar take zama, ko in ba ka ɗaya da ke sito, mai rufe kai duka, da batir da ke hura maka iska. Wannan ba ruwanta da gemu."

"Bash muhandisa, babbar injiniya, me ya sa ni kaɗai? Wa ya ce miki ina tari?"

Idonta ya ɗan leƙa wajen Almahdi, magini mai shimfiɗa tayil ɗin da Salih yake yankawa. Shi ke nan, biri ya yi kama da mutum. Almahdi ya iya riƙe sarukh, kowa ya sani. Salih ya haɗa zancen a ransa kafin a gama shan shayi: a sa masa hula irin ta masu ɗiban zuma, kowa ya nuna shi a ce ga mara lafiya, bayan mako biyu a ce ya je ya huta, injin ya koma hannun Almahdi. Ya ji haushi ƙwarai, ya kuma ji tsoro, don mai shekara hamsin da bakwai ba ya koyon sabuwar sana'a.

Sai ya ɗauki na roba ya ce zai san yadda zai yi. Dabarar da ya yi kuwa, shi kansa ta burge shi. Kowace safiya ya zuba man riɗi a tafi, irin wanda Mariyamu take shafa masa a ƙirji in mura ta kama shi, ya mulke gemun har ya kwanta luf, ya cusa shi ciki, ya ja igiyoyin har sai sun yi masa shaida a ƙeya. Da Rahaf ta sake gwada shi, ya hura a hankali kamar mai fifita kunun jariri. Ta dube shi ta daɗe, ta bar shi ya wuce.

Mako uku yana yanka yana murmushi a cikin roba, wai ya ci su da wayo. Man riɗi kuwa ba ya riƙe asiri. Wata rana lokacin fatur, wato karin kumallo, an zagaye kwanon dafaffen waken da ake ce wa ful, ya cire takunkumin. Rahaf ta ɗauki hotonsa da waya ta miƙa masa. Ƙura ta manne a man ta ja fararen layuka, daga kumatu suka kutsa ta ƙarƙashin robar suka tsaya daidai ƙofar hancinsa.

"Matatar jabu ce," in ji Salih. "Ni aka zaɓa aka ba lalatacciya."

Almahdi ya miƙo hannu. Ya karɓi takunkumin, ya goge man, ya ɗaura a fuskarsa da ba ta da ko gashi ɗaya, ya yanka tayil goma a gaban kowa. Da ya cire, hancinsa da bakinsa tas. Salih ya ce ai ya ga lokacin da ya juya baya, Allah kaɗai ya san abin da ya canja. A nan haƙurin Rahaf ya ƙare, ta ce khalas, magana ta ƙare, ba zai sake taɓa sarukh ba sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu.

Kwana biyu ya yi a gida, yana zaune a kan gadon igiya a tsakar gida, yana hango Almahdi a ransa riƙe da injinsa. Mariyamu ta kawo masa shayi, ta tsaya tana sauraron ƙirjinsa yana kiɗa.

"Malam, kowa maƙiyinka ne, na ji. To ƙurar fa, ita ma Almahdi ne ya aiko ta?"

Ya ce mata ba ta san mutane ba. Ta ce ta san ɗaya, shekara talatin ke nan.

Rana ta uku ya yi sammako don ya kama su dumu-dumu. Ya tarar da sarukh a inda ya ajiye shi, wayarsa a naɗe irin nasa naɗin, tayil a jibge ba a yanka ko ɗaya ba. Almahdi yana can yana kwaɓa siminti, aikin lebura.

"Ya zol, bawan Allah, ni ba injinka nake so ba," in ji Almahdi. "Yayana Abdu dutse yake fasawa. A zaune ya mutu, don in ya kwanta numfashi ba ya zuwa. Irin tarinka yake yi. Ni na gaya mata, kuma wallahi gobe ma zan gaya."

Salih ya nemi ƙugiyar da ke cikin maganar nan bai samu ba, abin ya ƙara ba shi haushi. Ya ce a fito da hular. Ya juya ta ciki da waje, ya shinshina, ya bi bututun da yatsa har zuwa akwatin batir da ake ɗaurawa a ƙugu. Ya ce Almahdi ya fara sawa. Almahdi ya sa, ya cire yana dariya, ya ce iska kamar mutum yana zaune gaban fanka.

Sannan Salih ya sa. Gemun ya shige ciki gaba ɗayansa, ba matsi ba lanƙwasa, iska mai sanyi ta gangaro ta goshinsa. Daɗi ya kama shi har ya ji kunyar kansa. Ya buɗe baki ya ja numfashi mai tsawo, irin wanda ya daɗe bai gwada ba, sai numfashin ya tsaya a rabin hanya. Ya sake ja, ya sake tsayawa a nan.

Ya bubbuga akwatin batir. "An rage masa ƙarfi," ya ce, muryarsa tana fitowa a dishe ta bayan gilashi.

Rahaf ta nuna masa fitilar, kore ce, cike. Iskar tana zuwa har tana kaɗa masa gira. Ya dubi Rahaf, ya dubi Almahdi, ya dubi leburorin da suka tsaya da shebur a hannu, yana neman wanda zai ɗora wa, duk suka sunkuyar da kai. Ya ja a karo na uku da dukan ƙarfinsa, ƙirjin ya karɓi abin da zai iya ya mayar da sauran.

Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya durƙusa da hular a kansa, ya jawo tayil na farko, ya ce wa Almahdi ya miƙo masa ma'auni.