Dutsen Zobena da Takardarsa

A tsakiyar shekarun saba'in, lokacin da aka ƙara wa ma'aikata albashi, Kafanchan ta cika da 'yan kasuwa baƙi. Duk jirgin ƙasan da ya tsaya sai ya sauke wani da rediyo, ko agogo, ko keken ɗinki. Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare kusa da tasha. Iyayena manoma ne a Godogodo. Wanda zan aura kuma akawu ne a ofishin reluwe, mutumin wajen Nok, mai sanyin hali, wanda ya fi son a cuce shi a kan a ji muryarsa a bainar jama'a.

Ni ban ce ya saya mini zobe mai lu'ulu'u ba. Shi ne ya gani a hannun matar ogansa, ya sa a ransa cewa tasa amaryar ma sai ta sa. Wata Asabar da hantsi ya zo gidan da nake haya, takalmi ya sha gogewa, ya ce in shirya. Wani mutum ya zo daga Jos da duwatsu na gaske, kowanne da satifiket ɗinsa daga Turai, ya sauka a masaukin baƙi na bayan tasha.

"Malama, ke dai ki nuna wanda ya yi miki," in ji shi. "Sauran magana ki bar mana."

Na ce to, amma ban yi alkawari ba.

Abin da bai sani ba shi ne, ba ranar na fara ganin irin takardar nan ba. A kwalejin horar da malamai mun yi wata malamar kimiyya, Ba'indiya. Ranar da take koya mana yadda haske ke lanƙwasa in ya shiga ruwa ko gilashi, sai ta cire zobenta ta zagaya da shi aji. Na dame ta da tambaya har washegari ta zo mini da takardar dutsen, muka zauna a baranda ta bi da ni layi-layi. Ga nauyi, ga launi, ga tsabtar cikinsa, ga awon faɗi da zurfi. Har da ɗan zanen dutsen, an ɗiga jan biro a duk inda yake da tabo. Ta ce launi da tabo daga Allah suke, amma yanka aikin hannun mutum ne, kuma shi ke sa dutse ya yi walƙiya ko ya mutu. In an yanka shi daidai, hasken da ya shiga ta sama sai ya juyo ya dawo idonka. In an baje shi kamar faranti don ya yi girma a ido, hasken sai ya zube ta ƙasa.

Mai duwatsun mutum ne fari, dogo, da kwat da jakar hannu mai makulli. Ya rufe taga, ya saki labule, ya kunna wata fitila mai ƙarfi a kan tebur, alhali rana na waje tana ƙwalla. Ya shimfiɗa baƙin ƙyalle ya buɗe wata 'yar takarda a naɗe. Dutsen babba ne, ba laifi. A ƙarƙashin fitilar sai ƙyalli yake. Na ga saurayina ya haɗiye yawu.

"Oga, irin wannan sai gidan manya," in ji mai kayan. Ya miƙa masa satifiket mai hatimi da rubutun Turanci. Ni ko kallona bai yi ba.

Na miƙa hannu na ce, "A ba ni in karanta."

Ya yi dariya. "Amarya, wannan Turancin 'yan sana'a ne, ba na aji uku ba."

"Ba komai. In na rasa wata kalma sai ka koya mini."

Na karanta daga sama har ƙasa, ban yi sauri ba. A zanen an nuna tabo ɗaya tak, can gefe. Na ce ya ara mini ɗan gilashinsa na duba dutse, sannan a ɗaga labule. Ya ce hasken rana yana ɓata idon mai dubawa. Na ce ai ba a ɗakin nan zan riƙa sa zoben ba, a rana zan je makaranta, a rana zan je majami'a. Saurayina ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na janye ƙafata, na tashi da kaina na yaye labulen na tura tagar.

Da hasken rana ya sauka a kansa, dutsen ya yi sanyi. Gefe-gefensa ne kawai ke ɗan motsi, tsakiyar kuwa fayau kamar gindin kwalba. Na sa gilashin a ido. Ban iya riƙe shi da kyau ba, amma na gani: a gefen da takarda ta nuna babu komai, tabo biyu kuma na zaune kusa da tsakiya. Na ɗora dutsen a kan satifiket ɗin, na leƙa ta samansa, sai ga baƙin rubutun yana bayyana ta ciki.

"Zo ka gani," na ce wa saurayina. "Kana ganin rubutu?"

Ya sunkuya. A hankali ya ce, "Ina gani."

"To an baje shi ne. Kuma takardar nan ba tasa ba ce. Wataƙila ta gaskiya ce, amma ta wani dutse daban."

Mai kayan ya miƙe tsaye. Ya ce tun da yake sana'arsa ba a taɓa kiransa maƙaryaci ba, balle mace, balle a wannan ƙauyen. Ya juya wajen saurayina: "Oga, tun ba a ɗaura ba haka take yi maka? Kai ne za ka saya ko ita?"

"Shi zai saya," na ce, "amma yatsana ne zai ɗauka. Kuma ban kira ka maƙaryaci ba. Ga sikelinka nan a jaka. Ɗora shi mu ga ko nauyin ya zo daidai da na takarda. In ya zo, zan durƙusa a nan in ba ka haƙuri."

Bai ɗora ba. Ya tsaya yana huci, sannan ya naɗe dutsen ya ce wai yaran shagonsa ne suka haɗa takardun ba daidai ba. Na yi niyyar fita, sai ya zaro wata 'yar takardar daga aljihun ciki ya jefa a kan ƙyallen, kamar don ya kunyata ni. Wannan dutsen ƙarami ne, bai fi ƙwayar dawa ba. Na kai shi taga. Ko ta ina na juya shi sai ya watso haske, har da ɗan ja da shuɗi. Na ɗora a kan rubutu, ban ga ko harafi ba. Tabonsa na nan daidai inda zanen nasa satifiket ɗin ya nuna, kuma wannan karon da na ce a auna, ya auna ba musu.

"Wannan nake so."

A hanyar komawa ni da saurayina muka tsallake layin dogo. Nan ya tsaya ya ce na ba shi kunya, kuma 'yan ofis za su ce rowa ta sa ya sayi ɗan mitsitsi. Na ce masa in girma yake so a gani, ga fasassun kwalabe nan a bakin hanya, kyauta. Maganar ta yi masa zafi. Kwana huɗu bai zo wurina ba, ni ma ban aika ba.

Labari ya kai kunnen matar Fasto. Bayan sujada ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, macen kirki ba ta ɗaga murya a gaban mijinta."

Na ce, "Mama, maganar kwalba da na yaɓa masa ban kyauta ba, zan je in roƙe shi. Amma tagar nan, ko gobe aka koma sai na buɗe ta."

Na je ofishinsa da kaina na ba shi haƙuri a kan kwalbar kaɗai. Ya yi ta juya biro a hannu, can ya ce, "Gaskiya ni ma na ga rubutun." Muka kai dutsen wurin maƙerin zinariya a kasuwa ya ɗora shi a kan zobe siriri.

Bayan aurenmu da 'yan makonni sai na hango babban dutsen nan a yatsan wata da muke cikin mawaƙan majami'a tare, matar wani ɗan kwangila. Na gane shi tun daga nesa, amma na kama bakina. Ita ce ta zo da kanta, ta jera hannunta da nawa a gaban mata, ta ce ta ji an ce na san dutse, in faɗa musu yadda na ga nata. Na tambaye ta sau biyu ko da gaske take so in faɗa. Ta ce e. Na faɗa mata, na kuma ce ta je gida ta gwada zanen takardar da dutsen. Ta yi shekara guda ba ta amsa gaisuwata, ni kuwa ban fasa gaishe ta ba kowace Lahadi.