Sarƙar Ladi da Wayar Mamman

Gidanmu a Arlit yana bayan inda motocin ma'aikatan ma'adini suke juyawa. Da an idar da magariba sai su fara wucewa ɗaya bayan ɗaya, kwanoninmu suna ƙara a kan kanta. Lokacin ne Kaka Hajo, mahaifiyar babanmu, take jawo murhunta, wani rabin tano, wato gangar ƙarfe da aka yanke, ta zuba gawayi ta ɗora tukunyar kunun tsamiya. Daga Tawa ta biyo babanmu lokacin da ya sami aikin tuƙi, kuma har ta bar duniya ba ta yafe wa Arlit rashin itatuwa ba. Sanyin hamada ba ya wasa da yaro, don haka kowa yakan nemi gefen wuta. Ni nakan zauna kusa da tukunya saboda kwaɗayi. Ƙanena Mamman kuwa kan cinyarta yake hayewa, tana kiransa maigida, tana masa tsiyar bai taɓa kawo mata cefane ba.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta buga ludayi a bakin tukunya ta ce, "Na ɗauko ta, wa ka riƙewa?" Mu ce, "Mu ne!" Tana da tatsuniyoyi masu daɗi, na aljanu da na namun daji. Amma akwai wadda muke gudu, kuma ita ta fi so, wato ta Ladi matar mai yasar rijiya.

A wani gari, in ji Kaka, rijiya ɗaya ce tak, ruwanta kuma yana da tsami. Mutane sun saba da shi, amma ƙarfe bai saba ba. Rijiyar ta fara cikewa da laka, dole a zura mijin Ladi ya yashe ta, ga shi tsohuwar sarƙar da ake zura mutum da ita ta ruɓe. Maƙera biyu suka kawo sababbi, ɗaya fara mai ƙyalli, ɗaya baƙa mara kyan gani. Dattawan gari ba wawaye ba ne, suka ce sai an gwada. Aka yanki guntu daga kowace, aka saka a ƙwarya, aka zuba ruwan rijiyar, aka rufe aka ajiye. Da aka buɗe bayan wani lokaci, duk biyun lafiya lau. Sai aka zaɓi mai ƙyalli, tun da ido ma yana da haƙƙinsa.

Ladi tana tsaye a wurin. Ta tsoma yatsa a ƙwaryar ta lasa, ta ji ruwan ya yi lami. Ta je bakin rijiya ta ɗebo da guga ta lasa, ta ji tsamin yana nan yadda yake. Nan Kaka takan ɗaga ludayi ta sauya murya.

"Ta ce musu, ruwan ƙwarya ya gaji, ya ciji ƙarhe kaɗan ƙarhinai ya ƙare. Na rijiya hwa? Kullum sabo ka hitowa. Mijina ba cikin ƙwarya za ku zura shi ba."

Suka ce ta cika magana. Ladi ta naɗe sarƙar da aka zaɓa ta kai ɗakinta, ta shimfiɗa tabarma a kai ta zauna. Guntayen nan biyu kuwa ta mayar da su ƙwarya. Daga nan wahalarmu take farawa, domin Kaka sai ta ce, "Gari ya waye. Ladi ta zubda, ta tahi rijiya, ta ɗebo sabo." Ta juya kunu. "Gari ya waye. Ladi ta zubda, ta tahi rijiya, ta ɗebo sabo." Tsakanin wayewar gari da wayewar gari takan saka abin da ya sami Ladi. Matan gari sun daina amsa gaisuwarta, ruwan guga yana fitowa da laka, mijin ma ya daina cin tuwonta don kunyar da ta ba shi. Sa'an nan gari ya sake wayewa. Muna roƙonta ta tsallake, tana ƙi. Mamman kuwa tun gari bai waye sau da yawa ba kansa yake langaɓewa, ya yi barci baki buɗe.

Wata rana haushi ya ishe ni na ce, "Kaka, me ya hana ta rataya guntayen cikin rijiyar ta huta?" Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke da kinka san hakanga, mi ya hana ki shiga tatsuniyar ki hwaɗa mata?" Aka yi ta yi mini dariya, kuma ranar sai da ta ƙara wa garin wayewa don ta hore ni.

Ƙarshen gajere ne. Wata safiya Ladi ta ɗaga guntun mai ƙyalli, ya marmashe a hannunta, baƙin kuwa yana nan daram. Da baƙar sarƙar aka zura mijin. Ladi tana bakin rijiya, sai aka ji muryarsa daga can ƙasa: "Ladi, ta riƙe!" Kaka takan sauke tukunya a nan ta ce, "Ta ƙare, kowa shi kawo kwano nai." Ni nake kinkimar Mamman in kai shi ɗaki, ina jin haushin nauyinsa.

Na yi karatu, na dawo Arlit, yanzu ina aiki a labo inda muke gwada bututu da ƙarafa kafin a yi aiki da su. Ranar da aka fara koya mana ruwan da ake kira tampon, sai da na rufe baki don kada in yi dariya a gaban malam. Ya ce idan ka tsoma ƙarfe cikin ɗan ruwa mai tsami, ƙarfen yana cinye tsamin yayin da tsamin ke cinsa, har ruwan ya lafa, kai kuma ka ɗauka ƙarfenka nagari ne. Shi tampon haɗi ne na tsami mai sauƙi da gishirinsa. In tsamin ya fara raguwa sai haɗin ya cike gurbin, in ya yi yawa ya shanye, ruwan ya tsaya inda ka ajiye shi. Na ce a raina, wannan ai Ladi ce aka zuba a kwalba. Ban yi zaton zan taɓa bukatar abin a cikin gidanmu ba.

Mamman ya girma ya tafi haƙar zinariya a Cibarakaten. Bara ya zo gida da murna. Raminsu ya yi zurfi har ruwa ya fara tsattsafowa a ƙasa, igiyarsu ta nailan ba ta kaiwa, ya sayi wayar ƙarfe sabuwa fil wadda za a riƙa zura su da ita. Shi ne mai fara sauka, saboda ya fi sauran rashin nauyi. Ya ce mai wayar mutumin kirki ne, a gabansa ya ciro guntunta daga bokitin ruwan rami inda ya daɗe a jiƙe, ko tabo babu. Na yarda mutumin kirki ne, dattawan garin Ladi ma ai ba mugaye ba ne. Amma da na ji kalmar bokiti sai na tuna ƙwaryar Ladi.

Jarkarsa ta wanke hannu tana ɗauke da ragowar ruwan ramin da ya ɗura ranar tasowarsu. Na kai labo na auna, na ga tsaminsa ba na wasa ba ne. Na nemi izinin shugabana, na haɗa tampon daidai da tsamin ruwan da gishirinsa. Na yanki guntu daga wayar Mamman, na nemo wata a kasuwa, mai kauri, mara ƙyalli, na tsoma su. Naɗin wayar Mamman kuwa na ja shi ɗakina na datse da kwaɗo.

"Yaya, kamiyo jibi zai tashi," in ji Mamman, yana nufin babbar motar da ke zuwa Cibarakaten. "In ba waya, ba sauka. Mutane suna jirana."

"Su jira."

"To yaushe za ki gama?"

"Sai ƙarfen ya faɗi gaskiya, makonni ne."

Ya ce na raina masa hankali, ya ce labo ya hau mini kai. Mahaifiyarmu ta sa baki, ta ce in ba shi kayansa kada zumunci ya ɓaci. Na ce mata gara ya yi fushi da ni yana tafiya da ƙafafunsa. Ya hau kamiyo ba tare da ya yi mini sallama ba, abin kuma ya yi mini ciwo ƙwarai, don ni na goye shi. Na ji labari can an mayar da shi daka dutse a bakin rami, abokansa suna masa tsiyar cewa yayarsa ta kulle masa aiki a ɗaki.

Ni ba sai na zubar na ɗebo sabo ba, tampon ya ɗauke mini wannan. Amma kowace safiya sai na tsoma ma'auni na tabbatar tsamin bai gusa ba, in leƙa guntayen, in rufe. A safiyoyin nan ne na gane abin da ya sa Kaka take ƙin tsallakewa. Da ina yarinya na ɗauka darasin shi ne kada a ruɗu da ƙyalli, abin da kowace tatsuniya take faɗa. Ashe ba nan ta dosa ba. Gano cewa ruwan ya yi lami lasa ɗaya ce. Abin da ke da wuya shi ne wayewar garin nan da muke gudu, lokacin da ba abin da ya canza cikin ƙwarya, wanda kike yi dominsa ba ya yi miki magana, ke kanki kin fara tunanin ko kin yi kuskure. Na yi wannan tunanin ba sau ɗaya ba, amma ban buɗe kwaɗon ba.

Da farko ƙyallin ne ya dusashe. Daga baya ƙananan ramuka suka fito tsakanin silin wayar, inda ido ba ya kaiwa sai da madubin ƙara girma. Ranar da na ɗora guntun a injin ja, ya tsinke tun ban kai nauyin da aka ce yana ɗauka ba. Ɗayar wayar ta yi baƙi, amma ta jure.

Na sayi naɗin mai kaurin, na ɗaura guntayen biyu a jikinsa, na ba wani direba da ke zuwa Cibarakaten. Ban aika da saƙon baki ba, don ni ma ina da tawa zuciyar. Kwanaki suka yi ta wucewa. Wata yamma ina hura gawayi a tsakar gida, motocin ma'aikata suna wucewa, wayata ta hannu ta yi ƙara. Muryar Mamman ce, tana yankewa, yana haki kamar wanda aka jawo yanzu daga ƙasa. Bai gaishe ni ba, bai ba ni haƙuri ba. Wannan yaron da na rantse bai taɓa jin ƙarshen tatsuniyar ba, wanda na yi ta kinkima yana minshari, ya ɗaga murya ya ce, "Ladi, ta riƙe!"