Ciwon Abokina

Da ana mayar da mutum baya, da wata takwas ɗin nan zan koma in gyara. Tun cikin shekarun casa'in abin ya faru, amma ba zai bar zuciyata ba sai ranar da ƙasa ta rufe mini ido.

Lokacin ina sayar da hatsi a Gagarawa. Sai na fara ganin jini idan na zagaya bayi. Na ce basir ne. Duk ranar kasuwar Maigatari sai in tsaya wajen mai magani da lasifika, in sayo ƙulli. Na sha jiƙo, na sha dafaffe, har akwai wanda aka ce in zauna a cikinsa, kuma na zauna.

Maiɗakina ce ta fara ganewa. Ta ce, "Malam, kullum sai ka ƙara ɗaure mazagin wandon nan."

Na ce, "Tela ne ya buɗa shi."

"To wuyan naka ma telan ne ya rage?"

Ta ce in gaya wa mijin 'yarmu ta fari, tunda aikin jinya yake yi a Gumel. Na ce, "Surukin nawa? Mutumin da ko abinci ba na ci a gabansa, shi zan yi wa zancen bayi?" Haka na ja wata takwas, ina ramewa ina taƙama da kunya.

Da ciwon ciki ya hana ni ko ɗaga mudu, sai na yi dabara. Ya zo gaishe mu, ya durƙusa a bakin zaure, na ce, "Wani abokina ne ke fama da abu kaza da kaza." Na zayyana komai ina kallon bango.

Kansa a ƙasa ya ce, "Baba, a gaya wa abokin nan gobe da safe zan zo mu tafi Kano. Ya taho da kayan sawa."

A Kano aka ce ciwon daji ne a babban hanji. Likita ya tambayi yaushe na fara ganin jinin. Da na faɗa, sai ya ajiye biro ya dube ni kawai. Aka yanke wani ɓangare na hanjin, aka buɗa mini hanya a gefen ciki, aka manna jaka. Daga baya aka yi ta ɗura mini wani ruwa mai sa ko ƙamshin miya in ji amai.

Wa kuke tsammanin ya koya mini canza jakar? Shi dai surukin da na yi wa kunya. Da hannunsa yake wanke wurin, fuskarsa a gefe, yana cewa, "Baba, yaya jikin abokin?" Ni kuma in ce, "Ya ce a gode maka." Maiɗakina tana bayan labule tana ƙyaƙyata dariya.

Allah ya yi da sauran kwanana. Amma likita ya ce da na zo da wuri, da wataƙila an ɗinke hanjin ba sai an sa jaka ba. Har yau tana jikina, da ita nake zuwa masallaci.

Abin da na ɓoye wa kunnen surukina, ƙarshe idonsa ne ya gani. Don Allah duk wanda ya ga jini a bayi, kada ya yi irin tawa. Ya tafi asibiti a makon nan, kuma ya ce shi ne, ba abokinsa ba.