Layar Barewa a Wuyan Akuyata

Yau na rantse a gaban surukina, akuya ta ƙaryata ni.

Shekaranjiya a hanyar Bune na tarar da barewa cikin tarkon wani. Na sake ta, amma na kwance maɗaurin fata mai ɗan akwati da ke wuyanta. Na ɗauka laya ce, na ɗaura wa akuyata maganin ɓarayi.

Da hantsin nan muna shan shayi da surukina Alhaji a ƙofar gida, sai ga motar kat-kat ta ma'aikatan gandun daji. Ɗayansu riƙe da ƙarfe mai rassa, radiyonsa na ƙit-ƙit.

Ya ce, “Malam, barewar da muka sa wa na'ura tana gidan nan.”

Tsoro ya kama ni. Na ce, “Wallahi ban ga barewa ba.”

Alhaji ya ce wa ma'aikacin, “Mushe, yaron nan ba ya ƙarya. Shi ya sa na ba shi 'yata.”

Sai akuyar ta fito daga zaure tana tuƙa, akwatin na lilo a wuyanta.

Ma'aikacin ya kwance abinsa, ya ce yanzu sun ɓatar da barewar ke nan.

Alhaji ya ajiye shayinsa bai shanye ba, ya sa takalminsa. Har ya sha kwana bai waiwayo ba.