Takalman da Suka Zo a Akwatin Kawu

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, shi ne autan Kaka. Kafin ya shiga soja gyaran takalmi yake yi a bakin tasha, kan ɗan benci, da guduma da basilla da gwangwanin gam. Ƙafa gare shi, lamba arba'in da biyar. Mahaifiyata takan ce in ya cire silifas a ƙofar ɗaki, sai dai a tsallaka.

A shekararsa ta uku a soja aka tura rundunarsu yaƙi. Takardar da ta zo ba ta da tsawo. An ba su umarni su ƙwace wata gada da safe, suka taka a ƙasa cikin fili, babu wurin fakewa. Yana sahun gaba, harsashi ya same shi a ƙirji, a can aka binne shi. Ni na karanta wa Kaka, lokacin ina aji biyu a sakandare.

Bayan wata biyu aka kawo akwatinsa. Kaka ta ɗaga takalman sojan da ke ciki, ta jujjuya su, ta ce, "Wannan ba ƙafar ɗana ba ce." Lamba arba'in da ɗaya ne. Ta kulle su a durowa, ta hana a karɓi gaisuwa. An yi kuskuren gawa, in ji ta, yana nan tafe. Shekara huɗu muna haka. Matar Kawu tana zaune a ɗakinsa, ita ba mai miji ba, ita ba bazawara ba.

Wata Asabar wani mai ɗingishi ya yi sallama, ya ce kofur ne, tare suka yi aiki da Kawu. Kaka ta sa na ɗauko takalman, ta ajiye a gabansa.

Ya yi 'yar dariya, ya share ido. "Mama, ai nawa ne. Matse ni suke, kullum ina tsaki. Shumeka, haka muke kiran ɗanki saboda gyaran takalmi, ya ce, 'Kai kofur, ƙafarka ta agwagwa ce, faɗi ba tsawo. Kawo in buɗa maka.' Saura kwana biyu mu fita ke nan."

Ya zura hannu ciki ya zaro dunƙulen jarida da ya bushe ƙamas. Haka Kawu yake buɗa takalmi, ya jiƙa takarda ya cusa har baki. Duk gidan mun san haka, amma ba wanda ya taɓa leƙa ciki.

Kaka ta ce, "Ka ga gawar da idonka?"

"Ni na goyo shi, Mama."

"Sa takalman mu gani."

Ya sa, suka shige.

Kaka ta daɗe tana kallon ƙafarsa. Sannan ta juya wajen matar Kawu ta ce, "'Yar nan, na tsare ki, ki yafe mini." Ni kuma ta ce in zaga in gaya wa maƙwabta, mai son gaisuwa ya zo gobe.